Yaran Ƙasar Tsibiri Da Sanin Halitta, Da Da Yanzu

Ko wane yaro da tambaya a bakinsa ya ke tashi. Da ya iya magana sai ya dami uwarsa: don me wata ya ke bin mu in muna tafiya da dare, ina ruwan gulbi ya ke zuwa, wa ya koya wa gizo-gizo saƙa? Yaran ko wace ƙasa haka su ke. Abin da ya bambanta wata ƙasa da wata shi ne wurin da yaro ya ke samun amsa. To, labarin da na ke so in ba ku ke nan, ku da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, watau inda yaran ƙasarmu ta Tsibiri da Maradun da Bakura da Talatar Mafara suka riƙa samun amsar irin waɗannan tambayoyi, tun daga zamanin kakanni har zuwa yau da a ke cewa an tattara ilmin duniya an zuba cikin wayar hannu. Na ga ya kamata ku san asalin abin, domin wayar nan a aljihunku ta ke kwana, ku ne kuma yara za su zo su roƙa ku ba su aro.

Makaranta ta fari ba ta da allo, ba ta da benci. Gona ce da bakin gulbi. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya biyo ta ƙasarmu kafin ya je ya haɗu da Gulbin Rima, shi ne babban malamin yaran da. Kafin a datse shi, ko wace shekara in damina ta yi tsakiya ya kan cika ya malale fadama, in ya janye ya bar laka mai albarka. Yaron da ya fara bin ubansa gona yana ɗan shekara shida, ba ya kai goma sai ya san jigawa ta gero ce, fadama ta shinkafa. Ya san gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa, yana kaɗe ganye da damina sa'ad da sauran itatuwa su ke tofo, ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi, gama hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau. 'Ya'yan masunta kuwa tun daga motsin ruwa su ke rarrabe tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, sun kuma san gaiwa ta kan shige cikin laka in tabki ya ƙafe, ta kwanta can da ranta har wata damina. In shamuwa ta sauka ta fara jidar kara tana sheƙa a kan tsamiyar tsakar gari, ba sai an yi shela ba, kowa ya san lokacin sharar gona ya yi.

Wannan ilmi ne na gaske, kada ku bari wani ɗan boko ya raina muku shi. Amma yana da iyaka, iyakarsa kuwa inda ido ya tsaya. Abin da ya yi wa ido ƙanƙanta, ko ya yi masa nisa, sai a cike gurbinsa da zato. Yaro ya yi wanka a kududdufi, bayan 'yan watanni ya fara fitsarin jini, sai a ce tsargiya ce ta zafin rana, wasu ma su ce alamar balaga ce. Ba wanda ya zargi 'yar katantanwar nan da ke manne da ciyawar bakin ruwa. Kurkunu ya kwantar da rabin gari ana tsakiyar noma, ba wanda ya tuhumci tabkin da a ke sha.

Makaranta ta biyu ita ce ta allo da zauren malamai. Kada a ce malamanmu na da ba su kula da sanin halitta ba. Malaman hisabi sun raba shekara bisa taurari 28, ko wane tauraro kwana 13, guda ɗaya ke da 14, jimla kwana 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Da wannan lissafi su ke gaya wa manoma ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko kuwa na yaudara, har yau ma akwai dattawan da ba su zuba iri sai sun tambayi tauraron da a ke ciki. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, ya wallafa littafi a kan lissafin hatimi, ya zauna a Masar, can ya rasu a Alƙahira a 1741. Sa'ad da Baturen nan Clapperton, wanda ya ke kiran kansa Abdullahi, ya iso Sakkwato a 1824, ya fito da kayansa na auna rana da taurari, sai ya tarad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san sunayen buruji da na taurari masu yawa da Larabci. Da ya komo zuwa na biyu ya kawo masa kyautar littafin Uƙlidisu na ilmin awo. Sarkin Musulmi ya yi murna ƙwarai, ya ce da ma suna da irinsa, wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi. Ku duba fa, wajen shekara 200 ke nan.

Sai dai wannan ilmi na manya ne. Da Larabci ya ke, cikin littattafan da a ke juya da hannu, sai wanda ya sauke Alƙur'ani ya yi shekaru a zaure ya ke isa gare shi. Ƙaramin yaro da tambayarsa ta wata da gizo-gizo ba shi da rabo a ciki.

Turawa suka ci ƙasa a 1903. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, daga nan makarantun elementare suka riƙa bazuwa sannu a hankali a ƙarƙashin En'e. Ba da son iyaye ba. In an ce hakimi yana neman yaran boko, wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura nasa gabas karatu. Wanda aka kama kuwa da Hausa a ke koyar da shi karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, ga kuma lambun makaranta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littafi. Saboda haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a 1933, tana zaune a Zariya a hannun Dokta R. M. East. Shi ne ya jawo Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara, malami a Midil ta Katsina, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Waɗannan kowa ya san su. Abin da aka fi mancewa shi ne wani littafi da su biyun suka haɗa kai suka yi, mai suna Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a 1949, yana ba da labarin halittu iri iri da ke cikin duniya.

A ganina ba a taɓa yi wa yaron Hausa gata a wannan fanni kamar gatan da littafin nan ya yi masa ba. Ku fara duban sunan. Babban tsoron iyaye a lokacin shi ne boko zai raba ɗa da addini. Sai ga littafin kimiyya tun daga bangonsa yana gaya wa uba cewa duban halitta duban ikon Mahalicci ne, ba sai ya ƙwace shi daga hannun ɗansa ba. Sa'an nan ga harshen. Bature ne da ya ƙware a Hausa ya zauna da Bahaushen da ba a yi kamarsa wajen iya ba da labari ba, abin da ya fito kuwa Hausa ce wadda za a karanta da ƙarfi a zaure, wanda bai taɓa shiga aji ba ya ji ya gane. Yaro ɗaya ya je makaranta, gida duka ya ƙaru. Ni da kaina na tarad da wani tsohon kwafi a cikin adakar ƙanen mahaifina, bango ya fita, gara ta ci gefe, amma na karanta abin da ta rage mini har ya ƙarasa yagewa a hannuna.

Bayansa abubuwa suka zo da sauri. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabinsa a majalisar Kaduna a kan gyaran mulkin En'e da wayar da kan talakawa, ba a daɗe ba aka ɗaura yaƙi da jahilci gadan-gadan. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan tsabta da noma da kiwo, Lardin Sakkwato ya sami jaridarsa mai suna Zaruma. Motar majigi ta kan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, bayan lisha a nuna yadda ƙuda ya ke ɗauko cuta, ko a nuna Baban Larai da gonarsa, yara na gaba a zaune cikin ƙura baki buɗe. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Ta akwatin rediyo mutanenmu suka ji Amurkawa sun sauka a kan wata a watan Yuli 1969. Tsofaffi da yawa suka ce ƙarya ce. Amma da wani ciwon ido ya ɓarke a wannan shekara sai aka laƙaba masa sunan kumbon, har yau afolo mu ke ce masa, da wanda ya gaskata da wanda ya ƙaryata.

A 1976 gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Alheri ne babba, amma yara suka yi yawa, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan, kimiyya kuma ta koma cikin littattafan Turanci. Mu da muka yi firamare bayan wannan mun haddace sunayen sassan fure da Turanci kamar karatun aku, muka ci jarrabawa, ba wanda ya ce mana furen kuɓewar da ke bayan ɗakinmu a ke nufi. Alhali kuwa tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara darussan firamare duka da Yarbanci shekara shida, har da kimiyya, suka fito ba su gaza waɗanda aka koyar da Turanci ba, a wurare da dama ma sun fi su. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare duka a 2022, sa'an nan ta soke a 2025. Yaro dai yana nan zaune yana jira manya su gama shawara.

A wannan zamani ne kimiyya ta zo mana har ƙofar gida da manyan motoci, ba ta ko yi sallama ba. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tsawon bangon ya fi kilomita 5, an kuma shirya ruwan zai shayar da hekta 23,000 na noman rani tsakanin Mafara da Bakura da Maradun. Tabkin ya ci gidaje da gonakin dubban mutanen ƙasar Maradun. Wasu aka karɓe gonakinsu shekara da shekaru ana baje su, ba noma, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen ƙasa suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙansu. Can ƙasa da madatsar kuma ambaliyar nan da fadama ta dogara da ita ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Injiniyoyi sun san awon siminti da nauyin ruwa, manoma sun san halin gulbi da fadamarsa, amma aka rasa isassun 'yan ƙasa masu sanin biyun da za su tsaya tsakani su yi tafinta.

Hanyoyin ruwan da aka haƙa suka zama wurin wankan yara, ruwa mai tafiya sannu kuwa shi katantanwa ta ke so. Ga yadda abin ya ke. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su hayayyafa, su fito dubbai suna iyo, su huda fatar wanda ya shiga ruwan su bi jini, su girma su yi ta zuba ƙwai a jikin mafitsara. Wani likita Bajamushe, Bilharz, ya ga tsutsar a Alƙahira tun 1851, wani kuma mai suna Leiper ya tabbatar da hannun katantanwa a ciki a 1915. Bayanin nan bai fi a yi wa yaro shi kafin tuwo ya huce ba. Yara nawa aka yi wa?

Inda aka yi bayani kuwa an ga amfaninsa. Da aka ƙidaya masu kurkunu a Nijeriya a 1988 an sami fiye da 650,000. Ba allura, ba ƙwaya. Aka bi ƙauyuka da makarantu ana nuna wa mutane cewa wani ɗan ƙwaron ruwa ne ke ɗauke da cutar, a tace ruwa da ƙyalle, mai ciwon kuma kada ya tsoma ƙafarsa a tabki. Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka tsaya a kan aikin. Daga 2008 ba a sake ganinta ba, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta ƙare a ƙasar nan. Haka kuma husufin rana na Laraba 29 ga Maris 2006. Da, in wata ya yi zazzaɓi yara su kan fito da gwangwani suna kiɗa wai rana ta sake shi. Wannan karo tun da sauran kwanaki rediyo ta faɗi ranar da sa'ar, ta yi gargaɗi kada a dubi rana da ido tsirara. Da hantsi kuwa duhu ya sauko, a Gusau da Katsina rana ta rufe ruf, kaji suka nufi akurki, aka yi salla a masallatai, ba a firgita ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce lalle masu lissafin nan ba su yi kuskuren ko minti ɗaya ba.

Inda ba a yi bayani ba kuwa, kun san abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010. Masu haƙar zinariya suka riƙa kawo duwatsu cikin gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe, ba wanda ya san dutsen cike ya ke da dalma, ƙurarsa guba ce mai cin ƙwaƙwalwar yaro. Kafin likitocin ƙungiyar MSF su gano dalili, a kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya Bagega, yara kamar 400 sun riga mu gidan gaskiya, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suka yi ba. Dalma ce ba ta da wari, ba ta da ɗaci, tana can bayan iyakar ido.

To, yanzu mu zo ga intanet. Ba wani abu ba ne illa kwamfutocin duniya da aka sada da juna, mai waya ya aika tambaya ta hanyar dogon ƙarfen nan na sabis, amsa ta komo masa kafin ƙiftawar ido. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, babbar waya mai hoto ta iso ƙauyuka bayan shekaru. Abin da aka tanadar wa yara a ciki ba ya ƙidayuwa. Hukumar NASA ta Amurka tana da shafuna musamman don yara, da hotunan da na'urorinta suka ɗauko daga doron Mirrihu. A YouTube yaro zai ga ƙwayar wake tana tsaga ƙasa tana fitar da ganye, aikin mako guda a cikin minti ɗaya, zai ga 'ya'yan tsutsar tsargiya suna iyo a ƙarƙashin madubin likita. Akwai Khan Academy mai koyar da lissafi da kimiyya kyauta, akwai Wikipedia, rumbun sani da kowa ke iya zuba nasa. Abin da Sarkin Musulmi Bello ya yi murnar samun littafi ɗaya daga cikinsa, yau ga shi dami dami a aljihun mai sayar da rake.

Na Hausa fa? Akwai, ba a rasa ba. Wikipedia tana da sashen Hausa wanda samarinmu ke rubutawa don Allah. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya ya yi wasannin zane masu koyar da ƙidaya da kimiyya, an juya su da Hausa, tashar Arewa24 ta nuna su. A watan Maris 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe wata makarantar waya mai suna Nigeria Learning Passport, da darussan firamare da sakandare, har da na Hausa. BBC da DW su kan kawo labarin kimiyya jefi-jefi. Amma in aka auna da na Turanci, cikin cokali ne a gaban tabkin Bakolori. Yawancin abin da ke ciki don yaran wasu ƙasashe aka yi shi, misalansa na ƙanƙara ne da itatuwan da ba mu taɓa gani ba, ba gawo, ba gaiwa, ba jan-baki mai cinye shinkafa. Google ta sa Hausa cikin na'urarta ta fassara a 2013, tana taimako, sai dai wani lokaci ta kan haifo wata Hausa wadda ba ta da uwa ba ta da uba. Ga kuɗin data, ga kuɗin caji a shagon mai janareto. Sa'an nan hanyar da gaskiya ta ke bi ita ƙarya ke bi. A watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare ɗaya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba suka ɗura musu, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka.

Akwai kuma abin da mu mutanen Zamfara muka gani wanda masu tsara waɗannan abubuwa a can nesa ba su sa a lissafi ba. A Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasa duka, aka ce yara su yi karatu ta intanet. A ƙauyukanmu tsohuwar rediyo ce ta ɗan fid da mu kunya, da darussan da aka riƙa sawa a cikinta. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Jangebe a ƙasar Talatar Mafara. Makarantar kimiyya fa, ta 'ya'ya mata, irin wadda aka daɗe ana roƙon iyaye su yarda da ita. Aka sako su bayan kwana huɗu. A watan Agusta aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantun jiha, daga 3 ga Satumba kuma aka yanke sabis na waya a Zamfara baki ɗaya don a toshe wa ɓarayi hanyar magana. Sai wajen ƙarshen Nuwamba aka mayar wa yawancin ƙasar. Wata uku yaro ba aji, ba waya. A watannin nan na tuna da tsohon littafin adakar nan, wanda ba ya cin caji, ba kuma mai iya kashe shi daga Abuja. Gidan da aka sauke darussa aka ajiye a cikin waya tun da wuri, su ma sun sami abin yi.

Bara da bazara ɗana, ɗan shekara goma, ya zo ya ce, "Baba, in kaka ta yi ina shamuwa ta ke tafiya?" Na ce ban sani ba, ɗauko waya. Muka rubuta sunanta da Hausa, abin da ya fito kaɗan ne, wasu hotunan ma ba nata ba ne. Sai da na tambayi wani malamin makaranta sunan da Turawa ke kiranta, ashe sunan wani gwamnan Turkawa na ƙasar Sudan, Abdim, suka laƙaba mata. Da muka sa wannan sai ƙofa ta buɗe. Ashe in ta gama renon 'ya'yanta a wurinmu sai ta bi ruwa, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, har Afirka ta Kudu, inda damina ke sauka sa'ad da mu ke cikin ɗari, ta yi ta cin fara da tsutsa har bazararmu ta kewayo. Wasu masana sun ɗaura wa shamuwa 'yar na'ura a ƙasar Nijar, tauraron ɗan Adam ya bi sawunta har can. Muka kuma tarad da labarin wata cibiyar nazarin tsuntsaye da ke Jos, mai suna APLORI, wadda tun wajen 2015 ta ke tattara taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasa gida gida, ko wane gida kamar kilomita 9 tsawo da fāɗi, duk wanda ya iya gane tsuntsu yana iya rubuta abin da ya gani a yankinsa ya aika ta waya.

Kakansa yana kishingiɗe a kan buzu yana jin mu. Ya ce, "Kai ɗan nema, wayag ga ta san inda taka zuwa. To, ta san iccen da taka fara sabka garin ga?"

Yaro ya duba, ya ce, "A'a, Kaka, babu."

Tsoho ya yi dariya, ya ce tsamiyar bayan masallacin Juma'a ce, tun yana yaro nan ta ke fara sauka, sa'an nan ta rarrabu zuwa kukar bakin kasuwa. Ya ce a da sheƙa ta kan kai talatin a tsamiyar nan, ƙasanta fari fat da kashi, yanzu bai sani ba ko ta kai goma, idonsa ba ya kai wa can. Da gari ya waye yaron ya yago takarda daga tsakiyar littafinsa na lissafi, ya ja layi uku, ɗaya na rana, ɗaya na itace, ɗaya na yawan sheƙa, ya ja hannun kakansa suka nufi bayan masallaci. Suka ƙidaya goma sha ɗaya.